Ƙwai a Ɗakin Auta

Ranar sadakar uku ta Autanmu, Kawu ya kashe ɗaya daga cikin dabbobin marigayin da takalmi. Ina gidan lokacin, ina madafa ina kwashe wainar sadaka, kuma ban isa ɗakin ba sai bayan an gama. Na daɗe ina so in rubuta wannan, in na ɗauki biro sai in ajiye. Yau dai na zauna.

Auta ƙanena ne, uwa ɗaya uba ɗaya, ni na goya shi. A nan Zongon Lome aka haife mu. Ni a aji shida na tsaya, na kama sana'ar Inna, koko da ƙosai a bakin titi. Shi kuwa ya yi boko sosai, har in ransa ya ɓaci da Faransanci yake faɗa. Zazzaɓi ne ya ɗauke shi cikin kwana biyar, yana da shekara ashirin da shida. Ranar Litinin yana tsokanata wai ƙosaina ya yi gishiri, ranar Asabar an kai shi makwancinsa.

Shekara biyu kafin rasuwarsa ya fara zuwa wurin wani mutum a unguwar Agbalepedo, mai kiwon ƙananan dabbobi irin waɗanda wasu ke ajiyewa a ɗaki don sha'awa. Wata rana ya dawo da roba mai murfi, ya kira ni ɗakinsa ya turo ƙofa.

"Yaya, zo ki ga wani abu. Amma kada ki yi ihu."

Na leƙa, na yi ihu.

"Tsaka! Auta, tsaka ka kawo mana gida?"

"Ba tsaka ba ce. Geko ce."

"Geko da Faransanci. Da Hausa fa?"

Ya sosa ƙeya. "Da Hausa ba a raɗa mata suna ba tukuna."

"An raɗa. Je ka tambayi Inna ta faɗa maka."

Mu dai mun san yadda muka tashi da tsaka. In ta faɗa cikin abinci zubarwa ake yi. An ce tana da dafi, an ce tana kawo kuturta, an ce kashe ta lada ne. Ni kaina na kashe da yawa da tsintsiya, ban taɓa tsayawa na dubi fuskar ko ɗaya ba.

Ranar ce Auta ya sa na duba. Ya ce in kalli idonta. Na kalla, sai ta ƙifta a hankali, kamar tsohuwa mai gyangyaɗi. Ya ce tsakar bango ba ta da fatar ido, ba ta ƙiftawa. Ya ɗauke ta ya ɗora a jikin bango, ta kasa riƙewa, ta zamo cikin tafinsa. Ya ce ita ta ƙasa ce, a daji take zama cikin rami, can arewa. Jikinta ratsi-ratsi ne, ruwan ƙasa da ruwan goro, wutsiyarta kuma mai kauri kamar babban yatsana. Na ce na ji, amma duk ranar da ya taɓa ta ya zo ya taɓa ludayina sai na fasa masa kai. Ya ce ya yarda. Daga nan kullum sai ya wanke hannu da sabulu sau biyu a gabana, yana ɗaga mini su kamar wanda 'yan sanda suka tare.

Sun kai huɗu, namiji ɗaya da mata uku, kowacce da robarta a kan katako. Ni da Inna kaɗai muka sani. Burinsa ya fara kiwonsu su hayayyafa a hannunsa, kuma mako biyu kafin ya kwanta ya haɗa namijin da babbar macen. Ya zo ya faɗa mini yana murna. Ina tankaɗe, na ce masa Allah ya ba da zaman lafiya, ko a kai musu gara ne. Ya yi dariya har ya zauna a ƙasa.

Kawu yayan Inna ne, yana zaune a unguwar Totsi, yana da motocin haya, kuma in ya shigo gidanmu maganarsa ce ake bi. Ranar sadakar uku tabarmi suka kasa, sai ya shiga ɗakin Auta neman wata. Ya ga robobi, ya buɗe ta farko. Ta namijin ce.

Na ji salati da ƙarfi, na ji bugu. Kafin in ajiye cokalin waina in iso, Kawu yana tsaye a ƙofar ɗakin, takalmi ɗaya a hannu, ƙafa ɗaya ba takalmi, yana ce wa mazan da ke tsakar gida, "Bugu ɗaya! Wallahi bugu ɗaya na yi mata." Fuskarsa da fara'a. Tun da aka yi rasuwar ban ga haƙoran kowa a gidan ba sai nasa.

Na wuce shi na shiga. Namijin yana kan siminti. Wutsiyar ta rabu da jikin, tana ta motsi ita kaɗai.

"Matsa in ƙarasa sauran," in ji Kawu.

Na ce, "Kawu, ka yi haƙuri. Na Auta ne."

"Na Auta? Tsaka?"

"Shi yake kiwonsu."

Ya dube ni, ya juya ya dubi mutane. "Kun ji ko? A gidan Musulmi. A ɗakin da yake sallah."

Ban ɗaga murya ba. Ban taɓa ɗaga wa Kawu murya ba, ranar ma ban yi ba. Na dai tsaya a bakin ƙofar, na sa hannu ɗaya a wannan gefe, ɗaya a wancan. Ya ce in matsa, na ce ya yi haƙuri. Ya sake cewa, na sake cewa. Da ya ga mutane sun zuba ido, ya sa takalminsa, takalmin nan dai, ya koma kan tabarma aka ci gaba da addu'a. Na kulle ɗakin, na ɗaura makullin a bakin zanena.

Da abin ya tsaya nan da sauƙi. Kafin la'asar maganar ta zaga wurin mata. Ina wucewa da kwanon waina na ji wata maƙwabciyarmu, wadda ta sha kokona bashi shekara da shekaru, tana cewa ƙasa-ƙasa, "Ashe shi ya sa. Zazzaɓin kwana biyar? Dafin tsaka ne ya taɓa shi." Wata ta ce Allah ya kyauta. Inna tana zaune a tsakiyarsu da carbi, ta ji, ba ta ɗago kai ba.

Wannan maganar har yau tana ci mini rai. Likita ya faɗi abin da ya kashe Auta, na ji da kunnena, sauro ne irin wanda ke cizon kowa a unguwar nan. Amma sun sami abin da ya fi musu daɗin faɗa. Yaron da ya ɗauki kayan kowace tsohuwa a layinmu, ya cike wa rabin unguwa takardun Faransanci ba tare da ya ce a gode masa ba, cikin yini ɗaya ya koma yaron da tsaka ta kashe. Da suka zo tafiya kowacce ta riƙe hannuna ta ce in yi haƙuri, ni kuma na ce na gode.

Washegari na buɗe ɗakin na tsaya ina kallon robobi uku. Ban san me suke ci ba sai abin da na gani da ido: gyare, a wani bokiti mai raga, da wani farin gari da yake barbaɗa musu. Na kama gyare da hannuna na jefa musu. Biyu suka ci. Babbar macen ba ta ko duba ba.

Na ɗauki wayar Auta na nemo lambar mutumin Agbalepedo. Ba Bayerabe ba ne, ba Bahaushe ba ne, ɗan ƙasa ne, da yaren Mina muka yi magana. Ni ina ce masa Fo, shi yana ce mini Dagan, wato yaya ke nan duka biyun a bakinsu. Bai san an yi rasuwar ba. Da na faɗa masa ya ce zai zo.

Ya zo da rana, ya gaida Inna ya durƙusa har ƙasa. A ɗakin ya ɗaga babbar macen ya juya cikinta wajen haske, ya nuna mini abu biyu farare ta cikin fata.

"Dagan, tana da ƙwai. Shi ya sa ba ta ci. Ina namijin?"

Na faɗa masa. Ya ciji leɓe.

Ya ce in ina so zai kwashe su duka yau, in huta. Na dubi katakon, na dubi inda Auta ya rubuta ranaku a jikin murfi da rubutunsa mai kwanciya. Na ce ya bar su tukuna. Ban ce ina so ba, na ce tukuna. Ya haɗa mini ƙaramar roba da ɓawon kwakwa mai danshi, ya ce a nan za ta zuba ƙwan, in ta zuba in kwashe su in sa a wata robar dabam in rufe, in ajiye inda ba rana. Yana cikin bayani wayarsa ta yi ƙara, ya fita da sauri.

Bayan mako guda na tarar da ƙwai biyu, farare, dogaye, masu laushi kamar fata. Na kwashe su kamar yadda ya ce. Kuma na yi abin da na sani. Na tashi da kaji a gidan nan, na ga yadda kaza ke juya ƙwanta da baki, na ga Inna tana juya ƙwan zabi da take sa wa kaza. A sanina ƙwan da ba a juyawa ba ya ƙyanƙyashewa. Tunda uwar ba ta tare da su, na ce ni ce uwar. Kullum in na dawo daga wurin koko sai in wanke hannu, in yi bismillah, in juya su a hankali. Har ina jin daɗin kaina.

Kwana goma sha biyu suka fara lotsawa, suka yi rawaya, wari ya taso. Na kira Fo na faɗa masa duk abin da nake yi, har da juyawar, don ya san ban yi sakaci ba.

"Kina me?"

"Ina juya su. Kullum."

"Ao, a'a, Dagan! Ba a juya su! Yadda ta ajiye haka ake bari. Ɗan yana manne ne a sama, in kin juya ya nutse."

Na ce, "Ba ka faɗa mini ba."

"Na ɗauka ƙaninki ya faɗa miki."

Na kashe wayar. Na zauna a kan katifar Auta da robar a cinyata. Kwana ashirin ina tafe da fushin Kawu a ƙirjina, ina tsara maganganun da zan faɗa masa in na sami bakin faɗa. Shi rai ɗaya ya kashe, da ƙiyayya. Ni biyu, da bismillah. Na ji haushin Fo da wayarsa. Na ji haushin kaina. Kuma, Allah ya yafe mini, na ji haushin Auta fiye da kowa. Ya rubuta ranaku a murfi, ya rubuta nauyin kowacce a ɗan littafi, amma abu ɗaya da ya kamata ya rubuta bai rubuta ba, saboda abin yana cikin kansa, kuma bai yi zaton kan zai tafi ba. Na faɗa da baki, a ɗakin da ba kowa, "Kai ma ka cuce ni." Sannan na yi istigfari na fita na binne ƙwan a gindin bango.

A ranar na yanke cewa Fo ya zo ya kwashe. Ni mai koko ce. Tun sadakar uku wasu suka daina tsayawa wurina. Ba wanda ya faɗa mini dalili, sai dai in ga mace ta tsallaka titi da kwanonta ta je wurin wata. Ga shi kuma ban san matsayin abin a addini ba. Na tambayi malamarmu ta islamiyya bayan an tashi, na kwatanta mata, ta ƙasa ce, tana ƙifta ido, ba ta hawa bango. Ta ce ita abin da ta karanta a kan tsaka ne, wannan kuwa ba ta taɓa gani ba, ba za ta ce mini e ko a'a a kan abin da ba ta sani ba. Na gode mata da gaskiyarta, amma na dawo gida da kayana a kai kamar yadda na je.

Ban kai ga kiran Fo ba macen ta sake zuba ƙwai biyu. Na yi mamaki, tunda namijin ya mutu. Fo ya ce haka suke, haɗuwa ɗaya tana isar su zubi biyu ko uku, amma daga nan shi ke nan sai da wani namijin. Wannan karon bai yarda da waya ba, ya hau babur ya zo. Ya ciro fensir ya ɗiga alama a saman kowane ƙwai, ya ce ɗigon nan sama zai riƙa kallo har ranar da za su fito. Ya ce aikina ɗaya ne, in ga ɓawon kwakwar bai bushe ba, sannan in cire hannuna.

Cire hannu ya fi juyawa wuya. Sai in tsaya a kansu hannuwana a baya kamar ɗalibar da aka tsayar.

Ranar sadakar arba'in Kawu ya dawo. Bayan an watse ya kira ni gaban Inna.

"Na ji har yanzu abubuwan nan suna gidan."

"Suna nan, Kawu."

"Ke ba ki da tsoron Allah ne? Ɗaya ya tafi, so kike ki bi shi?"

Na dubi ƙasa. Sannan na ce, "Kawu, zazzaɓin sauro ne ya kashe Auta. Kana asibitin aka faɗa. Kai ne babba, in ka faɗa wa mutane haka za su ji."

"Ni kike koya wa magana?"

"A'a. Roƙonka nake yi."

Ya juya wurin Inna. "Kina jin 'yarki?"

Inna ta ja carbinta ɗaya, biyu. Ta ce, "Ina ji, Yaya." Ba ta ƙara ba. Ya jira, ba ta ƙara ba. Ya tashi ya kaɗe riga ya tafi, kuma bai faɗa wa kowa kome ba. Har yau in mun haɗu ina durƙusawa in gaishe shi, yana amsawa. Idona dai ba ya sauka kan ƙafafunsa.

Ƙwan sun kusa wata biyu. Ɗaya ya lalace shi kaɗai, ba wanda ya taɓa shi, kuma wannan ya ɗan sanyaya mini rai ta wata hanya da nake jin kunyar faɗa. Ɗayan, wata safiya na dawo daga wurin koko na buɗe murfi, na ga ɓawo a yage, ga wani abu kamar ɗan yatsana ƙarami a kusurwa, ratsinsa ya fi na uwar haske. Na kai hannu, ya buɗe baki ya yi mini tsawa, wata 'yar ƙara kamar ta ƙofa. Ko kwana ɗaya bai yi a duniya ba yana faɗa da ni. Na rufe murfin na zauna a ƙasa na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza.

Macen ba ta sake zubi ba. Fo ya zo ya ga ɗan, ya ce lafiyayye ne. Sannan ya faɗi abin da nake gudu.

"Dagan, yanzu sai ki zaɓa. In ajiyewa kawai za ki yi, ki ajiye, za su tsufa a hannunki. In kiwo za ki yi, ina da namiji. Amma kiwo ba makoki ba ne. In don kuka za ki karɓa, kada ki karɓa."

Na ji zafin maganar, na ce masa shi bai san don me nake yi ba. Ya ce gaskiya ne, shi ya sa yake tambaya. Na ce ya ba ni mako guda.

Makon nan ban sami wata amsa mai kyau ba. Ban iya ba, na riga na nuna ban iya ba. Ban san ko masu kokona za su ƙara raguwa ba. Ban san ko ina son dabbobin nan ba, ko kuwa kawai ba na so a ce Kawu da matan layinmu sun yi gaskiya, kuma na san fushi ba dalili ba ne na ɗaukar rai a hannu. Abin da na lura da shi kaɗai, in na shiga ɗakin yanzu ba katifar nake fara kallo ba, robobin nake fara dubawa, wa ta ci, wa ta saɓa, wa ke buƙatar ruwa.

Ranar da mako ya cika na kira shi na ce ya kawo, amma da sharaɗi: zai zauna ya faɗa mini kome daga farko, ni kuma in rubuta da Hausa a littafina, kuma zai kashe wayarsa. Ya zo da hantsi. Muka zauna a ƙofar ɗakin, yana faɗa ina rubutawa, ina tsayar da shi ina cewa ya maimaita. Muka cika shafi tara. Ya ce kada in haɗa sabon da kowa sai ya yi wata guda shi kaɗai an ga lafiyarsa, macen ma ta huta ta mayar da ƙibar wutsiyarta.

Da ya tafi na ɗauki robar namijin zan shiga da ita. Inna tana zaune a inuwa tana tsince wake. Tun rasuwar ba ta taka ɗakin nan ba, ba ta kuma taɓa tambayata abin da nake yi a ciki ba. Na tsaya a gabanta da robar, don ban ga dalilin ɓoyewa ba.

"Wani ne kuma?"

"Namiji ne, Inna. Zan gwada."

"Kin iya?"

"Ban iya ba."

Ta ci gaba da tsintar wakenta. Na juya zan wuce, ta ce, "Ki riƙa jan ƙofar nan sosai in kin shiga. Jiya na ga kaza tana leƙe."